Ciki da falo ne, Goggo kuma ta ce sai an yi cikakken jere

Assalamu alaikum 'yan uwa. Bikina saura wata biyu. Angon ya kama ciki da falo a bene, nan Hotoro a Kano. Na je da ƙanwata mun auna: uwar ɗakin ƙafa 10 ne da 12, falon bai fi haka da yawa ba. Goggona ta dage sai gado 6 da 6, sif mai ƙofa huɗu, madubi, da saitin kujeru na mutum bakwai, wai kar dangin miji su ce an gaza. Ni dai ban ga inda zan shimfiɗa sallaya ba. Don Allah ku ba ni shawara.

Wani kafinta: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Katifar ce 6 da 6, gadon da allon kansa ya kan kai kusan ƙafa 7. Sif kuma zurfinsa ƙafa 2 ne. Cire su daga 12, saura 3, a nan za ki buɗe ƙofar sif, a nan za ki wuce. Ki sa a yi miki mai ƙofar turawa gefe, mai tsawo har kusa da silin, akwatunan lefe su hau sama. Madubin a manna shi jikin ƙofar, kin huta da teburinsa. Gado kuwa a yi masa durowa a ƙasa, ta gefen da ba ya jikin bango. Tun da bene ne, a auna matattakalar da kwanarta tukuna. Na sha ganin sif ya kwana a tsakar gida sai da muka warware shi.

Wata uwar gida daga Zariya: 'Yata, kar ki yi jayayya da goggonki, ba ta da laifi, haka muka taso. Ki ɗauke ta ku je ɗakin tare, ki ba ta awon ta riƙe da hannunta. Ni nawa saitin, kujera biyu sun shekara uku a ɗakin mahaifiyata, ƙarshe ƙanena aka ba.

Wata daga Katsina: Kujera mai zaman mutum uku ɗaya, mai zaman mutum ɗaya guda, sai tum-tum biyu da kafet mai kyau. Baƙin amarya ai ƙasa suke zama. Talabijin a kafe a bango.

Wata kuma: Ni ban goyi bayan a rage gado ba, in ma wani zai ce 4 da rabi. Nan da shekara ga jariri, ina za a sa shi? A falo za a yi ragin.

Kafintan ya dawo: Gaskiyar Hajiya. Na manta, in da MDF za a yi, wato allon garin katako da aka matse, a ɗaga shi kan ƙafafu, don ruwan goge ɗaki kumbura shi yake. Kar kuma a jingina sif da bangon banɗaki.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Asabar zan kai Goggo. Malam, durowar ƙarƙashin gadon nan, ɓera ba ya shiga?