Fijon Baba: in gyara tukunyar iyakilina ko in sa na zamani?

Mai tambaya, Zariya:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe da tsofaffin motoci. Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, ya bar Fijo 504 salun, haɗin Kaduna, wadda ya saya sabuwa dal a 1984. Da aka zo rabon gado kowa ya kau da kai, ni kuwa a cikinta aka riƙa kai mu makaranta, sai na ce a ba ni a kasona. Shekara shida ta yi a gindin darbejiya, har kaza ta yi kwanci a but ɗinta. An wanke tanki, an sake batir da fulogi, yanzu bugu ɗaya take tashi.

Abu biyu ne suka tsaya mini. Na farko iyakilina, wato matatar iskar da injin ke shaƙa. Irin na da ne, mai tukunyar baƙin mai a ƙasa. Gindin tukunyar ya ci tsatsa yana ɗiga. Bakaniken da ke mini aikin, yaro ne mai hannu, ya ce in jefar, zai sa mini ɗan ƙaramin nan mai ƙyalli mai siffar mazurari, wai injin zai fi shan iska, ta fi gudu. Na biyu salansa. Tukunyar baya ta ruɓe, in ka taɓa da yatsa sai ta burme, kuma da safe ina jin "cit-cit-cit" daga wajen injin. Mai walda ya ce zai yanko mini tukunyar wata motar Japan ya liƙa, ko kuma ya miƙe bututun kawai ba tukunya. Jiya na zaga da ita zuwa Samaru na dawo da ciwon kai, ban sani ba ko rana ce. Me kuke gani?

Tsohon bakanike, Kakuri:

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa mahaifinka. Ɗana, kada ka bari a jefar da tukunyar nan. Shekarata arba'in da ɗoriya ina kwance injin Fijo, kuma injinan da na ga ƙura ta cinye sun fi waɗanda gudu ya kashe yawa nesa ba kusa ba.

Bari in gaya maka yadda take aiki, don in yaronka ya sake magana ka sami ta cewa. Iska tana shigowa ta gangara ƙasa da ƙarfi, sai ta tarar da baƙin mai kwance, dole ta yi kwana ta koma sama. Iska tana iya wannan kwanar, yashi ba ya iyawa, sai ya faɗa cikin man ya nutse. Iskar kuma tana ɗan ɗebo feshin mai ta jiƙa ragar wayar da ke sama, ƙurar da ta tsira ta manne a nan, man ya sake gangarowa da ita ƙasa. Ka ga da kanta take wanke kanta. Ba don ƙauyanci aka sa wa motocin da za su yi aiki a ƙasarmu irin wannan ba. An san hanyar burji, an san hunturu.

Gyaranta ba wuya. Ka kwance ta, ka zubar da man, ka kankare laka da cokali. Za ka sha mamaki, wani lokaci kaurinta ya kai yatsa. Ragar ka wanke da kananzir, ka kife ta ta tsane sarai. Gindin da ke ɗiga ka kai wa mai waldar gas ya cike da tagulla. Ban da waldar wuta, ƙarfen ba shi da kauri, huda shi za ta yi. Sannan akwai layi a jikin tukunyar, nan ne iyakar mai. Ka wuce layin, injin zai zuƙe man ta kafireta, ka ga hayaƙi shuɗi, a ce maka ringi ne. Na sha karɓar motar da aka ce a sauke injinta, alhali mai kawai aka cika wa iyakilina.

Ɗan gayu, Abuja:

Baba, da girmamawa, amma zamani ya wuce nan. Ni na sa mazurarin a tawa, in na taka totur kana jin yadda take numfashi. Shi ma ya miƙe salansar kawai, 504 da murya ai kallo ce.

Tsohon bakanike, Kakuri:

Ƙara kake ji, ba ƙarfi ba. Kai da ke yawo a kwaltar Maitama, ƙurar me ka sani? Je ka bi hanyar Giwa a watan Janairu ka dawo, ka cire mazurarin ka shafa yatsa a maƙogwaron kafireta. In ya fito da gari-gari, to abin da fistin ɗinka yake ci ke nan.

Malamin koyar da kanikanci, Kano:

Ina tare da Baba a kan mazurari, amma akwai gaskiyar da ya kamata a faɗa. Iyakilina na takarda mai kyau ya fi na mai kama ƙura mai laushi, irin ta hazo. Na mai yana buƙatar iska mai gudu kafin ya yi aikinsa sosai, saboda haka a silo, wato injin na aiki ba a taka totur ba, ko a cunkoso ƙarfinsa yana raguwa. Dalilin da ya sa kamfanoni suka koma takarda ke nan, ga shi ba ɓata hannu. Volkswagen ma ta yi shekaru tana sa wa Beetle na mai kafin ta sauya a farkon shekarun 1970.

Matsalarmu a nan ita ce takardar da za ka samu. Jabu ya yi yawa: takarda sharara, gam ɗin bakin ya saki, robar ba ta zama daidai. Takarda mai huda ɗaya ta fi tukunyar mai muni, domin duk iskar ta ramin za ta bi. Kuma mutanenmu ba sa sauyawa, sai dai a kai wa mai faci ya busa da iska mai ƙarfi har ta yage. Ita kuwa tukunya, kananzir da ɗan baƙin mai kawai take nema. Don haka ga mota irin taka, Malam, ka bar mata abinta.

Abin da bakanikenka bai gaya maka ba shi ne, kafiretar nan an auna jet ɗinta, wato ƴar kafar da fetur ke fita, ne da wannan iyakilinar. Ka buɗe wa iska hanya fiye da kima, fetur ya yi kaɗan a haɗin, injin ya riƙa zafi, ta riƙa tari in ka taka, fulogi ya yi fari fat. In kuma iyakilina ya toshe, akasin haka: fulogi baƙi ƙirin, hayaƙi baƙi, shan mai kamar rijiya. Sannan akwai tiyon da ke kawo tururin mai daga injin zuwa iyakilina. Masu sa mazurari yawanci barinsa suke yi yana lilo, ƙura ta shiga ta nan kai tsaye.

Ma'aikaciyar jinya, Gusau:

Ku yi haƙuri in katse ku, duk kun tsallake abin da ya fi tayar mini da hankali. Yaya, ciwon kan nan kada ka ɗora wa rana. Hayaƙin mota yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari, ba ta da launi. Tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke buƙata. Farkonta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, sai barci. Mota mai ruɓaɓɓiyar salansa da ta shekara shida a ajiye, ƙasanta ma ƙila akwai huji. Don Allah kada ka ɗauki yara a ciki, kada ka tayar da ita a rufaffen gareji, har sai an gama aikin. In ciwon kan ya dawo da jiri, ka fita ka sha iska, ka je asibiti ka gaya musu a mota ka same shi.

Mai tambaya, Zariya:

Subhanallahi. Hajiya na gode. Wallahi da niyyata ranar Juma'a in kwashi yara mu je gaida kakarsu a ciki, ta ga motar mijinta tana tafiya. An fasa sai an gyara.

Mai walda, Panteka:

Sana'ata ce, bari in sa baki. "Cit-cit" ɗin da kake ji da safe, in ta yi zafi ya ragu, gaskit ɗin manifol ne ya ƙone, ko kuma manifol ɗin ya tsage, wato ƙarfen da ke tattara hayaƙi daga injin zuwa salansa. Duba da fitila, inda yake fita za ka ga baƙin toka a jikin ƙarfen. In ba ka gani ba, da sanyin safiya ka tayar da ita a fili, wani ya danne bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci, kai kuma ka bi layin da kunne. Duk inda ke yoyo zai yi shewa.

Wurin kwance notinan manifol a yi a hankali. Kwana biyu kana ɗiga musu man birki ko man kwance tsatsa, sannan a ɗan gasa da gas. Yaro mai gaggawa zai karya maka sitod, sandar da notin ke hawa, a cikin kan silinda, aikin yini ɗaya ya koma na mako. In za a mayar, a nemi notin tagulla, ba ya kamawa da tsatsa. In manifol ne ya tsage, ka sani ƙarfen zubi ne, ba a yi masa walda da sanyi. Sai an gasa shi duka, a yi da sandar nikel, a binne a yashi ya huce a hankali. Mai cewa zai ɗan ɗiga maka a jikin mota, bayan sati biyu za ta sake buɗewa kusa da wurin. Sau da yawa gara ka nemi wani manifol ɗin na hannu.

Tukunyar motar Japan kuwa, ba haramun ba ce in faɗin bututun ya zo ɗaya kuma ta zauna ba ta taɓa komai. Amma me ya kai ka? Fijo 504 ba baƙuwa ba ce. Faransa ta fito da ita a 1968, ta daina salun a 1983, mu kuwa a Kaduna aka ci gaba da haɗa ta sama da shekara ashirin bayan nan. Kayanta suna nan a Panteka, suna Ƙofar Ruwa a Kano, suna Ladipo a Legas. Ka dai je da tsohuwar a hannu, domin ta salun daban, ta wagon daban, ta a-kori-kura daban. Wagon ta fi tsawo, lanƙwasar bututun ma ba ɗaya ba ce. Kuma a sauke salansar ƙasa kafin a kunna wuta, tankin fetur yana nan baya kusa da ita. Robobin ratayewa ka saya sababbi. Wanda ya ɗaure maka da waya ko ya liƙe ta da jikin mota, girgizar injin za ta koma kan manifol ta tsaga shi.

Direba, Maraɗi:

Gaisuwa ga mutanen Najeriya. Mu nan da 404 da 504 a-kori-kura munka yi shekaru muna hanyar Dakoro, rairayi har gindin ƙofa. Lokacin iska kowane sati muke buɗe tukunyar, wani zubin kwana ukku. Tsohon man da munka juye daga injin muke tacewa mu zuba, bai taɓa ba mu matsala ba. Abu guda zan ƙara: robar da ke tsakanin murfi da tukunya, da tiyon da ke zuwa kafireta. In sun bushe sun tsage, duk wankin banza ne. Shafa ɗan giris a bakin robar kafin ka rufe.

Mai Besfa, Katsina:

Tunda ana maganar, ni ma a taimaka mini. Vespa PX gare ni ta kawuna. Tana tashi lafiya, amma ta daina jan hawa, sautinta ya dushe, bakin salansa yana ɗigar baƙin mai. An sake fulogi sau biyu.

Mai walda, Panteka:

Taka toshewa ce, ƙanena. Besfa tana ƙona fetur haɗe da mai, ragowar yana daskarewa a salansa har hanya ta tsuke. Cire ta ka ɗaga, za ka ji ta yi nauyi. A gasa ta da gas ko a kan garwashi a fili, nesa da gida don hayaƙin ba kyau, in ta huce a bubbuga gawayin ya zubo. A kankare ƙofar hayaƙin da ke jikin silinda ma. Kuma ka daina zuba mai da ido. In taka mai haɗawa a tanki ce, kashi 2 cikin 100 ne, wato mililita 20 a kowace lita, kuma man tu-sitirok, ba baƙin man mota ba. Kada ka yarda a fasa ta a cire hanjin, injin irin wannan da salansarsa yake numfashi.

Malamin koyar da kanikanci, Kano:

Ƙari ga mai Fijo, don sabuwar ta daɗe. Salansa daga ciki take ruɓewa. Duk litar fetur da ta ƙone tana fitar da ruwa kusan lita guda a matsayin tururi. In ka tayar da mota minti biyar ka kashe, wai kana ɗumama ta, tururin ya koma ruwa ya kwanta a tukunyar baya. Masu tsofaffin baburan Honda CD175 sun san wannan, ta ƙasa salansarsu ke fara hujewa. In za ka tayar, ka yi tafiyar da za ta yi zafi har wutsiya. Kuma bakin bututun ya leƙo bayan bamba, kada ya tsaya a ƙarƙashin but, sannan ka duba robar murfin but ɗin, ta nan hayaƙi ke komowa ciki.

Mai tambaya, Zariya:

Na dawo da bayani bayan kwana tara. Tukunyar iyakilina an cike ta da tagulla, huji uku ne ƙanana. Lakar da na kankaro ta cika gwangwanin madara, har da fiffiken ƙwari. A ƙarƙashin murfin na tarar mahaifinmu ya rubuta kwanan wata da fenti ja, ina jin ranar da ya yi mata wankin ƙarshe ne. Na hana a goge.

Manifol lafiyarsa lau, gaskit ne ya ƙone a silinda ta ƙarshe. Sitod ɗaya ya so ya ba mu wahala, amma man birkin ya yi aiki. Salansa na samo ta hannu a Panteka, sai da na koma sau biyu, domin ta farko ta wagon aka ba ni duk da na je da tsohuwar. Hajiya, maganarki ta tabbata: da aka ɗaga kafet, ƙarƙashin kujerar baya akwai huji da hannuna ke shiga, daidai saman bututun. An toshe, an sake robar but. Na je Kaduna na dawo, kaina garau.

Saura abu ɗaya. In na saki totur a gangara tana ɗan yin "fat-fat" a baya. Baba na Kakuri, wannan fa?

Tsohon bakanike, Kakuri:

Iska ce take shiga ta wani haɗin. Sabon gaskit yana zama bayan ya sha zafi, notin ya saki. Bari ta huce sarai, ka bi su ɗaya bayan ɗaya daga tsakiya zuwa gefe, kada ka danne da ƙarfi. Ka duba kilif ɗin da ya haɗa bututun gaba da na tsakiya. In ba ta daina ba, a taɓa sukurun silo kaɗan, a kuma duba tayimin. Ranar da za ka kai ta wajen Hajiya kaka, ka biyo da ita ta Kakuri in ji muryarta.