Gidan tarihin sojan sama na Dayton: wuni ɗaya zai ishe mu?

Autan Baba:
Assalamu alaikum jama'a. Baba zai zo bikin kammala karatuna a Columbus, kuma tun da ya ji Dayton ba nisa ya kafe sai an kai shi gidan tarihin sojan saman Amurka. Shekara talatin ya yi yana gyaran jirage kafin ya yi ritaya, ƙarar jirgi kawai zai ji ya faɗa maka irin injinsa. Matsalar ita ce gwiwa, kuma wuni ɗaya tak gare mu. Wanda ya taɓa zuwa, ta ina za mu fara? Tunda a sansanin Wright-Patterson yake, sai an nemi izini?

Mai Kyamara:
Wa alaikumus salam, Allah ya sa wa karatu albarka. Ba wani izini, ƙofarsa daban take da ta sansanin, shiga ma kyauta ne. Za dai a duba jaka. Kuna shiga ka ari keken da ake tura marasa lafiya. Baba zai ce shi lafiyarsa ƙalau, kar ka biye masa, jirage da makamai masu linzami sun haura 350 a manyan rumfuna huɗu.

Ni zuwana na farko na bi abin daki-daki, tun daga zamanin 'yan uwan nan Wright da suka fara tashi da jirgin sama mai inji, waɗanda 'yan Dayton ne. Kafin in kai rumfar ƙarshe ƙafata ta mutu. Ku wuce can kai tsaye tun da safe, ita ce aka buɗe a 2016. Nan jiragen shugabannin ƙasa suke, kuma ana shiga ciki. Akwai Boeing 707 da ya kai Kennedy Dallas a Nuwamba 1963, ya komo da gawarsa, a cikinsa aka rantsar da Johnson. An kare kujerun da gilashi hagu da dama, hanyar ta matse sosai, ni da tumbina sai a karkace na wuce. Da matakala kuma, sai ka riƙe Baba. Kusa da shi akwai na Roosevelt, wanda aka sa wa ƙaramin lif saboda keken guragu da yake hawa. Jirgin gwajin nan XB-70 kuwa ba sai an nuna muku ba, fari ne sol, injina shida a jere a bayansa. Biyu aka ƙera, ɗayan ya yi karo da wani jirgi a sama a 1966.

Uwar Tagwaye:
Na yarda da Mai Kyamara, amma ƙanena ka rage lokaci don ɓangaren Yaƙin Duniya na Biyu. Bockscar na nan, B-29 ɗin da ya jefa bam ɗin nukiliya a Nagasaki ranar 9 ga Agusta 1945. Mutane kan ɗauka Enola Gay ne, a'a, wancan na Hiroshima yana Virginia. An goge Bockscar ɗin yana ta ƙyalli, yarana na murna suna cewa in ɗauke su hoto, ni kuwa jikina ya yi sanyi, na kasa ɗaga wayar. Har yau ban san yadda zan yi musu bayaninsa ba.

Tsohon Bakanike:
Yaro, duk sun ba ka shawarar 'yan kallo. Mahaifinka mai sana'a ne. Tura shi gaban jirgin jefa bam ɗin nan B-36 a ɓangaren yaƙin cacar baka, ka ja gefe ka yi shiru. Injina goma gare shi: shida masu farfela, farfelun ma a bayan fiffike suke suna turawa, sai huɗu na jet. Kowane mai farfela silinda 28, kowace silinda fulogi biyu. Lissafa, fulogi 336 ke nan, kuma mutane ne ke hawa su canza su da hannu, wani lokaci cikin sanyin da yatsa ba ya lanƙwasuwa. Ni awa guda na yi a ƙarƙashin fiffiken nan ina jin tausayin mutanen da ban taɓa gani ba. Ka gaishe min da shi.

Autan Baba:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yanzu na karanta wa Baba a waya. Ban kai ga faɗin 336 ba ya riga ni. Yana amsa gaisuwa, Baba Bakanike. Batun keke dai ya ce sai mun je tukuna.