Manhajar da Aka Biya Ka Ka Rubuta, ta Wa ce?

Masu rubuta manhaja 'yan Arewa da ke Yaba da Ikeja a Legas sun tattauna wannan rigima. Abin da masana suka tsayar: Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022 ta lissafa manhaja cikin ayyukan rubutu, kuma haƙƙin na marubucinta ne sai an miƙa shi a rubuce. Rasidin biya kaɗai bai wadatar ba, don haka a sa hannu kan yarjejeniya tun kafin a fara aiki.

Sai lasisi, wato sharuɗɗan amfani da manhajar wasu da ka sa cikin taka; MIT da GPL ire-irensa biyu ne. MIT na neman kada ka cire sunan mai manhajar da rubutun lasisin. GPL kuwa, in ka gina a kan manhajar da ke ƙarƙashinta ka sayar, dole ka ba mai saye asalin rubutun manhajar. Nan ne da yawa ke shiga uku, domin sai bayan ciniki suke karantawa.