Gasar kurket ta Indiya: ina ake kai ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe?

Ɗan Kwari ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya a kan gasar kurket ta Indiya wadda ake kira IPL, ina kuma fatan a samu wanda ya san kanta a wannan zaure. Akwai wani Ba'indiye da ke kawo mana kaya daga Bompai, wanda daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Mayu ba a cika samunsa a waya ba da zarar ƙarfe uku na rana ta yi, kuma shi ne ya fara nuna mini wasan. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne cewar da ya yi ƙungiyarsa ta Chennai ce ta zo ta ƙarshe a kakar 2025, amma tana nan daram a gasar, babu maganar faɗawa rukunin 'yan dagaji. Mu da muka ga yadda garin nan ya yi jugum lokacin da Kano Pillars ta faɗa a 2022, wannan magana ba ta shiga kunnenmu da sauƙi. Me zai sa ƙungiyar da ta san ba za a kore ta ba ta dage? Sannan da gaske ne gwanjon 'yan wasa ake yi?

Malamin Gwale ya amsa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin a zo kan tambayarka, ya kamata a fara da yanayin wasan kansa, domin daga nan komai ya taso. Kurket na asali yakan ɗauki kwana biyar ana fafatawa, wani lokaci ma a tashi babu wanda ya yi nasara. A 2003 aka ɓullo da gajeren salo a Ingila, wanda ake kira T20, inda ake yi wa kowane ɓangare jifa 120 kawai, an kasa su shida-shida har kashi ashirin. Ɓangare ɗaya ya tara maki, ɗaya kuma ya zo ya bi, a gama cikin awa uku da rabi ko huɗu. Ba a yarda mai jifa ɗaya ya wuce kashi huɗu daga cikin ashirin ɗin ba, kuma a kashi shida na farko mutum biyu kawai aka yarda su yi tsaro a can nesa, saboda haka ne za ka ga masu dukan ƙwallo da sanda suna ɗaga ta sama tun daga farawa ba tare da jin tsoro ba. Idan ƙwallo ta fita fili a ƙasa maki huɗu ne, idan kuma ta tsallake a sama maki shida ne.

Indiya ta lashe kofin duniya na farko na wannan salo a 2007, sai hukumar kurket ta ƙasar ta kafa IPL a 2008 da ƙungiyoyi takwas, aka mayar da su goma a 2022. Kowace ƙungiya tana buga wasa 14, nasara maki biyu ce, huɗu na sama su wuce zagaye na gaba. A nan ne rabin amsarka take. Ta ɗaya da ta biyu su ke fara karawa, wadda ta ci ta tafi wasan ƙarshe kai tsaye, wadda aka ci kuma ba a sallame ta ba, sai ta jira wadda ta yi nasara tsakanin ta uku da ta huɗu. Ke nan ta biyu tana da rai biyu, ta uku kuwa rai ɗaya gare ta, don haka ko ƙungiyar da ta riga ta haye ba ta sakin jiki. Haka ya faru a 2025: Royal Challengers Bengaluru ta doke Punjab Kings a karon farko, Punjab ta zagaya ta fitar da Mumbai Indians, suka sake haɗuwa a Ahmedabad ranar 3 ga Yuni, Bengaluru ta tara 190, Punjab ta tsaya a 184. Wannan ne kofinta na farko cikin kaka 18, kuma ɗan wasanta Virat Kohli, wanda yake tare da ita tun 2008, sai da ya zubar da hawaye a fili.

Game da mutuminka da ba ya ɗaga waya, wasan dare ana fara shi ƙarfe bakwai da rabi agogon Indiya, wato ƙarfe uku daidai a Kano. La'asar takan riske ka a ɓangaren farko, a tashi dab da Magariba.

Ɗalibar Bangalor ta amsa:

Alhaji, Malam ya yi bayanin fili, ni kuma zan taɓa ɓangaren kuɗi, tunda a Bangalor, wato Bengaluru, na yi karatun lissafin kuɗi kuma na ga yadda garin ke komawa ja, launin rigar ƙungiyarsa, a lokacin gasar. Waɗannan ƙungiyoyi ba daga ƙasa suka taso suna hawa mataki-mataki ba. Hukuma ce ta ce ga gurbi takwas na sayarwa, masu kuɗi suka saya, kamar yadda mutum zai sayi shago a Kwari, babu wanda zai tashe shi don bai yi ciniki bana ba. Kamfanin Mukesh Ambani ne ya sayi ta Mumbai, Shah Rukh Khan da abokan hulɗarsa suka ɗauki ta Kolkata, Preity Zinta kuma tana da hannun jari a ta Punjab. A 2008 an sayar da duka takwas ɗin a kan dala miliyan 700 da 'yan kai, amma a 2021 gurbin Lucknow shi kaɗai ya haura dala miliyan 900. Wanda ya zuba irin wannan dukiya ba zai sa hannu a takardar da ta ce ana iya korar sa bayan wata biyu ba.

Babban kuɗin daga haƙƙin nuna wasa yake fitowa. An sayar da na 2023 zuwa 2027 a kan fiye da dala biliyan 6, kuma kusan rabin abin da ke shiga asusun tsakiya ana raba wa ƙungiyoyin ne, ta ɗaya da ta ƙarshe kowa na da rabonta.

Maganar gwanjo gaskiya ce, kuma ana nuna shi kai tsaye a talabijin. Wakilan ƙungiyoyi goma suna zaune kowa da teburinsa, a kira sunan ɗan wasa da mafi ƙarancin farashinsa, a riƙa ɗaga allo ana ƙari har a buga guduma. Wanda aka yi gabanin kakar 2025 a Jidda aka yi shi, a Nuwamban 2024, inda Lucknow ta ɗauki Rishabh Pant a kan rufi miliyan 270. Kuɗin nan albashinsa ne na kaka ɗaya, ba tsohuwar ƙungiyarsa ake biya ba kamar yadda muka saba gani a Firimiya. Sai dai an ɗaure hannun kowa, domin a wancan gwanjo babu ƙungiyar da aka yarda ta kashe fiye da rufi biliyan 1 da miliyan 200 a kan 'yan wasanta gaba ɗaya, kuma mutum shida kawai za ta iya riƙewa daga tsofaffin 'yan wasanta. Duba abin da hakan ya haifar: Shreyas Iyer ya jagoranci Kolkata ta ɗauki kofi a 2024, ya koma kasuwa, Punjab ta saye shi, ya kai ta wasan ƙarshe a shekarar da ta biyo baya. Saboda haka ƙungiya ba ta faɗuwa, amma ɗan wasa yana faɗuwa, tunda duk wanda bai taɓuka abin kirki ba bana yana iya jin an kira sunansa a gwanjo babu wanda ya ɗaga allo. A ganina tsoron da kake nema, Alhaji, yana nan, an dai sauke shi daga kan mai ƙungiya an ɗora wa yaran da ke fili.

Tsohon Hedimasta ya amsa:

'Yata, jumlarki ta ƙarshe ita ce abin da ya hana ni ƙaunar wannan tsari, ko da yake na riƙe sandar kurket tun ina ɗan makarantar kwana, lokacin da ake shimfiɗa tabarmar wasa a kan daɓen ƙasa, malaminmu kuma ya hana mu ɗaga ƙwallo sama sai mun iya tare ta. Tsarin da mai kuɗi ba ya hasara, ma'aikaci ne kawai ke yi, ba sabon abu ba ne a duniya, kuma ban ga dalilin yaba masa don an sa masa rigar wasa ba.

Ku dubi abin da ya yi wa Afirka ta Kudu. A Janairun 2023 suka kafa tasu gasar mai suna SA20, da ƙungiyoyi shida, kuma dukkansu masu ƙungiyoyin IPL ne suka mallake su, har sunayen ma nasu ne. A Fabrairun 2024, da wasanninta biyu na kwana biyar da Niyuzilan suka ci karo da gasar, sai ƙasar ta bar manyan 'yan wasanta a gida suna yi wa kamfanoni wasa, ta tura sababbin jini ƙarƙashin kyaftin ɗin da bai taɓa buga mata irin wannan wasa ba, aka lallasa su a wasannin biyu. Ita kuwa Indiya ba ta barin 'yan wasanta maza da ba su yi ritaya ba su je gasar wata ƙasa, alhali tana ɗebo na kowa, ban da 'yan Pakistan, waɗanda rabonsu da IPL tun kakar farko. Ga kuma caca. Badaƙalar 2013 ce ta sa aka dakatar da Chennai da Rajasthan a 2016 da 2017, wato ita ƙungiyar abokin naka, Alhaji, laifi ya taɓa fitar da ita, abin da rashin nasara bai taɓa yi ba. Sannan kada murnar kofin Bengaluru ta mantar da mu cewa washegari, 4 ga Yuni, mutum 11 sun rasu a turmutsitsi a bakin filin wasanta.

Malamin Gwale ya sake amsawa:

Baba, duk abin da ka faɗa ya faru, ba na ja da ko ɗaya. Sai dai akwai dokar da ta ce 'yan ƙasar waje huɗu kawai ƙungiya za ta sa cikin goma sha ɗaya, wanda ya tilasta wa masu ƙungiyoyi shiga lungu da saƙo neman yaran gida. Ta wannan hanya ce Rajasthan ta samo Vaibhav Suryavanshi daga jihar Bihar, yaro ɗan shekara 14, wanda a Afrilun 2025 ya ci maki 100 a jifa 35 a kan Gujarat. Mu ma ɗan abin da muka samu a kurket ta gajeren salon nan ya zo: matanmu sun ɗauko tagulla a wasannin Afirka da aka yi a Accra a 2024, 'yan matanmu 'yan ƙasa da shekara 19 kuma sun doke Niyuzilan a gasar duniya a Maleshiya a Janairun 2025. Shi ne kuma salon da za a buga a Olamfik ta 2028 a Los Angeles. Ƙasar da ba ta da filaye da kuɗin wasan kwana biyar, wannan ce ƙofar da aka bar mata a buɗe.

Ɗan Kwari ya rubuta:

Na gode muku duka, Allah ya ƙara sani. Baba, ina tare da kai a kan maganar caca, domin muna ganin abin da take yi wa samari a gidajen kallon ƙwallo. Amma har yanzu akwai saura: idan wasa uku ya rage wa ƙungiya kuma ta san ba za ta shiga huɗun farko ba, me mai kallo zai zauna ya gani?

Ɗalibar Bangalor ta amsa:

Abu biyu, Alhaji. Na farko, irin waɗannan ƙungiyoyi su ke ɓata wa na sama lissafi. Chennai ɗin nan da ta zo ta ƙarshe, a wasanta na ƙarshe a 2025 Gujarat ta doke da tazara mai yawa, kuma wannan kaye na cikin abin da ya jefa Gujarat matsayi na uku, inda wasa ɗaya ya fitar da ita a hannun Mumbai. Na biyu, a waɗannan wasanni ne ake ajiye manya a gwada yaran da suka shafe kaka a benci, domin a san wanda za a riƙe da wanda za a saki kafin gwanjo na gaba. Ka tambayi abokin naka ko ya kalli wasan Gujarat ɗin har ƙarshe, ina kyautata zaton ranar ma bai ɗaga waya ba.