Musayar Waƙa: Ta Ina Zan Fara?

Sabon Mai Bishara

Salama gare ku. Ikilisiyarmu ta aike ni wani ƙauye, bayan girbi zan tashi. Ga tambayata a waƙe, mai amsa ya amsa a waƙe yadda muka saba.

Da sunan Uba nake ɗaukar biro,
Da Yesu Ɗansa da ke ba da nasara.

Da Ruhu Mai Tsarki, Mai Ta'aziyya,
Shi ke riƙe da bakin mai bishara.

Iyayena cikin Ubangiji, ga ni,
Na zo gabanku ina biɗar shawara.

Dattawa sun ɗora mini hannu,
Sun ce in tashi kafin in makara.

Ƙauyen da za ni ba majami'a,
Gida biyu ke bi, suna shan takura.

Na san umarnin da ke Matiyu 28,
A almajirtar da al'ummai, ba saura.

Na san Yesu ya ce yana tare da mu,
Har ƙarshen zamani ba ya ƙaura.

Amma ranar da na sauke kaya,
Gari ya waye, me zan tsara?

In ɗau lasifika in nufi kasuwa,
Ko in bi gida-gida in tara?

In kafa rumfar sujada tukuna,
Ko ajin karatu domin yara?

Zuciya na ƙuna, ƙafa na rawa,
Ku gaya mini ta ina zan fara.

Baba Tsohon Mai Bishara

Ɗana, na ji kiranka sarai,
Allah ya ba ka tsawon rai,
Tambayarka tana kan daidai,
Zauna ka ji cikin salama.

A 1893 aka ga sun zo,
Samarin mishan uku masu ƙwazo,
Legas suka sauka, gaba duk hazo,
Ƙasarmu suke nufi da himma.

Gowans a Girku ya kwanta,
Kent a Bida ya huta,
Bingham ya sha wuyar cuta,
Gida ya juya yana fama.

Ba su kafa ko tasha ba,
Ba su ga tuban kowa ba,
Amma ba a bar kiran ba,
Sai 1902 a Pategi aka sami zama.

Likita Mila ya zauna Zazzau,
Ya koyi Hausa, ya iya ta da kyau,
Littafi Mai Tsarki da muke ji yau,
Akwai guminsa a farkon tarjama.

A 1932 ya fito cikakke,
Bayan shekaru ana a duƙe,
Kalma-kalma ana ta bincike,
Kafin ya kai hannun al'umma.

A 1934 makarantar Gindiri ta buɗe,
Littafi da fartanya a haɗe,
Mai bishara ya je ƙauye ya daɗe,
Yana wa'azi, yana noma.

Don haka ranar da ka sauka,
Ka je wa mai gari da kanka,
Faɗa masa Wanda ya aiko ka,
Kar ka ɓoye, ka ba shi girma.

Ka nemi gona ka yi shuka,
Ka je gidan da ake kuka,
Suna da biki, kai da ƙafarka,
In ana haƙar rijiya, ka kama.

Hausa ta kasuwa ce gare su,
Ka koyi yaren iyayensu,
Da shi suke kuka a ɗakinsu,
Da shi za su roƙi Na Sama.

Gida biyun nan su ne farko,
Su Allah ya ba ka baiko,
In sun tsaya, sun yi ƙarko,
Su za su kai saƙon gaba ma.

Ɗan Sabon Rai

Baba, na rusuna, ku gafarce ni,
Akwai abin da ke cina, zan faɗa kuwa.

Kafin gonar nan ta yi yabanya,
Mutum nawa za ta ɗauke, mutuwa?

Bitrus ya miƙe ranar Fentikos,
Mutum 3,000 suka zo ga rayuwa.

Bulus a Atina bai jira damina ba,
Kullum yana muhawara a kasuwa.

Romawa 10 ta yi mana tambaya,
Yaya za su ji in ba mai faɗawa?

Ƙungiyar Sabon Rai tun shekarun 1960
Ta ce bishara aiki ne na kowa.

Biyu-biyu muke fita, da ganga da waƙa,
Mu shiga inda ba a saba zuwa.

Na san masu bi da ake yabon halinsu,
Amma sunan Yesu ba sa furtawa.

Har maƙwabcinsu ya tsufa ya kwanta,
Bai ji labarin gicciye ba da tasowa.

Zama da kyau ne, ban ƙi ba, Baba,
Tsorona zaman da ke kai ga mantuwa.

Ɗan'uwa, buɗe baki tun ranar farko,
Kar kunya ta sa ka yi ta jinkirtawa.

Mama 'Yar Zumunta

Daga Zumuntar Mata ta ikilisiya nake. Ku ba ni wuri, akwai abin da maza suka tsallake.

Ɗana na Sabon Rai, sannu,
Na sha ganin masu ɗaga hannu,
Da hawaye cike da idanu,
Daren wa'azi, da zuciya ɗaya.

Gari ya waye, mota ta tashi,
Wanda ya tuba, wa zai bi shi?
Dangi sun juya sun ƙi shi,
Wa zai amsa masa tambaya?

Kwana guda ake haihuwa,
Shekaru ake shayarwa,
Wadda ta haifa ta bar wa kowa,
Ba a kiranta uwa a gaskiya.

Taron Fentikos da ka ambata,
Karanta ayar da ke bin ta,
Koyarwar manzanni suka lazimta,
Gida-gida, ba su ja da baya.

Afolos mai kaifin harshe,
Bilkisu da Akila sun ji shi har ƙarshe,
Suka ja shi gefe babu kushe,
Suka ƙara fayyace masa hanya.

Timoti a gida ya fara,
Kaka da uwa suka gyara,
Sannan Bulus ya zo ya ƙara,
Ya ɗauke shi abokin tafiya.

Kai kuma ɗana, ina matarka?
Ban ji ta ba cikin waƙarka,
Akwai ƙofar da aka rufe maka,
Ita za ta shiga lafiya.

Wurin daka, wurin ɗiban ruwa,
Ɗakin mai jego, gidan rasuwa,
Nan mata ke buɗe damuwa,
Can ba ka da ido, ba ka da murya.

Ka tambaye ta ko ta yarda,
Kiran naku ne, ku biyu ne shaida,
Ku fara a ɗakinku da sujada,
Daga nan za a ga ikilisiya.

Ɗan'uwa Daga Maraɗi

Daga Maraɗi nake miƙo gaisuwa,
Ga 'yan'uwan Najeriya, da zumunci.

Mu nan kaɗan ne cikin jama'a,
Musulmi ne ɗan'uwa, shi ne maƙwabci.

Tun 1924 bishara ta zo Damagaram,
Wa aka taɓa ribatowa da cin mutunci?

Asibitin Galmi tun 1950
Yana duba kowa, ba bambanci.

Ba a ce sai ka tuba a ba ka magani,
Kai ma kar ka sayi mutum da abinci.

Wanda ya bi don buhun gero,
Binsa ba ya wuce ɗan lokaci.

Bitrus ya ce mu zauna a shirye,
Mu ba da amsa da ladabi da sassauci.

Faɗi abin da Yesu ya yi maka,
Zagin addinin wani kuwa jahilci.

In wani ya zo da dare kamar Nikodimu,
Rufa masa asiri, ka riƙe aminci.

Kar ka sa hotonsa a Facebook,
Kai a yaba maka, shi ya shiga ƙunci.

Ɗan Sabon Rai

Mama, batun reno na karɓa,
Amma ba reno sai da haihuwa.

In ya zauna ya san mutanen garin,
Ya kira mu, ƙungiyarmu na zuwa.

Mu yi wa'azi da izinin mai gari,
Mu bar masa sunayen masu amsawa.

Shi ya bi su ɗaya bayan ɗaya,
Bayan wata uku mu sake dawowa.

Baba Tsohon Mai Bishara

Allah ya yi muku albarka. Wannan karon kan almajirantarwa ce, a duba Markus 3:14 da 2 Timoti 2:2.

Kun haɗu a hanya, 'ya'yana,
Kowa ya faɗi mai ma'ana,
Saura guda da ke raina,
Kafin in ce na gama.

Dubbai sun ci gurasa sun ƙoshi,
Mutum 12 Yesu ya zaɓa su bi shi,
Su kwana su tashi tare da shi,
Kafin ya aike su hidima.

Nemi mutum guda mai ƙishirwa,
Ku buɗe Markus kuna karantawa,
In bai iya ba, ka fara koyarwa,
Daga baƙaƙe har ya kai ga kalma.

In za ka duba marar lafiya,
Tafi da shi ku bi hanya,
Yau kai ne mai ɗaga murya,
Gobe ka bar shi ya yi shi ma.

Ya ga zamanka da matarka,
Da yadda kake biyan bashinka,
Da fushinka da yafewarka,
Daga nan yake ɗaukar alama.

Kar ka yi gaggawar kai shi ruwa,
Ya san abin da yake ɗaukawa,
Da abin da zai iya rasawa,
Sannan a yi masa baftisma.

Bulus ya ce wa Timoti, ɗana,
Abin da ka ji, ka ba masu amana,
Su koya wa waɗansu wannan magana,
Haka ta iso har gare mu ma.

Tun ikilisiyar ECWA ba ta sami suna ba,
1954 bai zo ba,
Iyayenmu ba su zauna ba,
Sun aiki nasu cikin al'umma.

Ran da ya iya, ka matsa gefe,
Kar ka bar masa ƙofa a rufe,
Ko ya yi kuskure, ka yafe,
Wani ƙauyen na jira ka koma.

Wata zai zo ba a aiko kuɗi ba,
Shekara ta wuce ba ka ga tuba ba,
Kar ka ce Allah bai kira ka ba,
Rubuto mana, tare za mu yi fama.

Sabon Mai Bishara

Baba, Mama, 'yan'uwa, na gode,
Na karanta duka, na kuma saurara.

Na kai wa uwargida tambayar Mama,
Mun raba dare muna ta hira.

Gidajen nan biyu za mu nufa,
A tsakar gidansu sujada za ta fara.

Mai gari zai ji sunan Wanda ya aiko ni
Tun ranar farko, ba sai an jira.

Ɗan Sabon Rai, ajiye ganga kusa,
Bayan damina za ka ji kira.

Ɗan'uwa na Maraɗi, na riƙe gargaɗi,
Kan asirin mai nema zan yi hattara.

Ku sa ni a addu'a kan yaren garin,
Gaisuwa kaɗai na iya, akwai saura.

Matar Mai Bishara

Na karɓi wayar maigida in amsa wa Mama da kaina.

Mama, na gaishe ku da girmamawa,
Kun tuna da ni inda aka manta.

Na yarda, ba don an ja ni ba,
Kiran yana raina tun ƙuruciyata.

Abin da ke damuna yaranmu ne,
Ƙauyen ba asibiti in an yi cuta.

Makarantar ma tana da nisa,
Su biyun nan ba sa barin addu'ata.

An ce matan can ba su yi boko ba,
Ba mai iya buɗe Littafi ta karanta.

Ni kuwa na saba da aya a takarda,
Haka aka koya mana a Zumunta.

To ranar da na zauna a tsakiyarsu,
Da wane labari zan buɗe wa mata?

Mama 'Yar Zumunta

'Yata, ki ɗauki tulunki,
Ki bi su rafi da ƙafarki,
Yohanna 4 ki sa a bakinki,
Labarin matar Samariya.

Ki faɗe shi da ka, ki maimaita,
Har wata ta ba ki shi da kanta,
Wannan za ki zauna da ita,
Ku soma baƙaƙe ɗaya-ɗaya.

Batun yara, ran Alhamis za mu gana,
Zumunta za ta ji wannan magana,
Gidan sauro da magani, mun ɗau amana,
Ki biyo ta gidana kafin tafiya.