Neman shawara: an ce in rubuta manufofin yaɗa labarai na kwalejinmu na shekara biyar

Maman Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a sashen yaɗa labarai da hulɗa da jama'a na wata kwalejin ilimi ta tarayya. Ana shirya tsarin ci gaban kwalejin na shekara biyar, an ce kowane sashe ya kawo manufofinsa. A tsohon kundin, abin da aka rubuta mana bai wuce "ɗaga darajar kwaleji a idon duniya" da "ƙarfafa hulɗa da masu ruwa da tsaki" ba. Shugaban kwamiti ya ce bana ba zai karɓi abin da ba a iya aunawa ba. Mu uku ne a ofis, kyamara ɗaya, shafin Facebook, sai mujallar da kan fito in an samu kuɗi. Na rubuta "ninka yawan mabiyanmu a Facebook", amma raina bai kwanta ba. Don Allah ta ina zan kama?

Tsohon Rajistara:
Wa alaikumus salam. 'Yata, ajiye maganar Facebook tukuna. Je ki karɓo daftarin manufofin kwalejin kanta, ki nemo abin da ke hana shugaban kwaleji barci. In ban yi kuskure ba, ɗaukar ɗalibai ne. Yaro in zai cike JAMB, jami'a yake sa wa a zaɓin farko, NCE, wato takardar shaidar malanta da kwalejojin ilimi ke bayarwa, sai in ta ƙi. Ga shi dokar 2023 ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri da kansu tare da NCE, ba sai sun jingina da wata jami'a ba. To, iyaye nawa ne a ƙananan hukumomin da ke kewaye da ku suka san da haka? Shugabannin makarantun sakandare fa? Manufarki ta farko ke nan: masu zaɓen kwalejin a matsayin zaɓin farko su ƙaru. Alƙaluman suna ofishin ɗaukar ɗalibai. Karɓi na shekarun baya ki sa a matsayin mafari, domin duk manufar da ba ta faɗi inda aka taso ba, kwamiti zai dawo miki da ita.

Malama Mai Alli:
Baba Rajistara, da girman kujerarka, a nan ina da ja. Maman Ummi, kada ki yarda a rataya miki yawan ɗalibai a wuya. Kuɗin makaranta, ɗakunan kwana, ruwa, da yadda ake biyan malaman firamare bayan sun gama, su ke sa yaro ya zo ko ya ƙi, kuma babu wanda ke hannunki. Ran da adadin ya faɗi, za a ce sashen labarai ne bai yi aiki ba. Rubuta abin da ke ikonki: makarantun sakandare nawa za ku ziyarta kafin a buɗe sayar da fom ɗin JAMB, shirin rediyo nawa da Hausa. Sannan ki roƙi a ƙara tambaya ɗaya a takardar rajista: "A ina ka ji labarin kwalejin nan?" Amsoshin nan su ne ma'auninki.

Tsohon Rajistara:
Malama ta yi gaskiya rabi. A rubuta cewa manufar ta haɗin gwiwa ce da ofishin rajistara. Amma kada a cire ta. Ziyara ɗari ba ta da amfani in ba wanda ya zo.

Ɗan Jarida:
Hajiya, ni daga waje nake kallonku, kuma matsalarku ɗaya ce: jinkiri. Ƙarfe goma na safe jita-jita ta cika WhatsApp cewa an ƙara kuɗin makaranta. Na kira jami'in labarai, ya ce sai ya ji daga rajistara. Rajistara yana mitin. Shugaban makaranta ya tafi Abuja. Ƙarfe huɗu edita ya ce in kawo abin da na samu, sai labari ya fita da "duk ƙoƙarin jin ta bakin hukumar makarantar ya ci tura". Washegari ku fito da takardar ƙaryatawa wadda ba mai karantawa. Saboda haka ki sa a tsarin cewa za a amsa wa ɗan jarida a ranar da ya yi tambaya, kuma duk sanarwar da ta shafi kuɗi, jarrabawa ko rufe makaranta za ta hau shafin kwaleji cikin awa 24 da sa hannu. Ki nemi a rubuta wanda ke da ikon magana in shugaba ba ya nan, musamman lokacin yajin aikin COEASU, ƙungiyar malaman kwalejojin ilimi, ko wata tarzoma. Ki tuna kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kwana bakwai ta ba hukumomin gwamnati su amsa buƙata a rubuce.

Ɗalibi Mai Jiran Sakamako:
Anti, a taimaka a daina ɗaukar hoton takarda a karkace ana sa mana a matsayin sanarwa. Ba ta karantuwa a ƙaramar waya, kuma tana cin data. A buga rubutun kawai. Na biyu, shafukan bogi masu tambarin makarantu sun yi yawa, suna karɓar kuɗin mutane da sunan samo musu gurbi. A riƙa nanata wa iyaye cewa gurbin da bai fito a CAPS, shafin ba da gurbi na JAMB, ba, ba gurbi ba ne, kuma ba a biyan kuɗin makaranta a asusun wani mutum. Da yawanmu kuma ba su fahimci yadda ake neman lamunin karatu na asusun gwamnatin tarayya, wato NELFUND, ba. In kuna son saƙo ya isa, ku bi ta shugabannin aji, su ke riƙe da guruf-guruf ɗinmu.

Malama Mai Alli:
Na manta da mu ma'aikata. Abin kunya ne malami ya ji labarin tallafin bincike na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, daga bakin abokinsa na wata makaranta, bayan an kusa rufewa. Takardar tana nan manne a allon sanarwa, wata takardar ta rufe ta.

Maman Ummi:
Allah ya saka da alheri. Na tsayar da guda huɗu: sanar da iyaye da makarantun sakandare batun digiri tare da ofishin rajistara, awa 24 na sanarwa, hanya ɗaya tabbatacciya ga ɗalibai da ma'aikata, da tsarin wanda zai yi magana in abu ya faru. Mabiya Facebook na mayar da su ƙasa, cikin abubuwan da za mu riƙa dubawa. Saura mujallar. In sa ta ko in bar ta?

Tsohon Rajistara:
Tambayi maɗaba'a nawa ake buga fitowa ɗaya, ki tambayi gidan rediyon jiharku nawa ne rabin awa, ki ajiye wa kwamiti biyun su zaɓa. Kowace manufa kuma ki rubuta kuɗinta da sunan ofishin da zai ba da rahoto duk ƙarshen zango. Ki kai wa ma'ajin kwaleji ya gani kafin ranar zama, don kada ya fara jin adadin a gaban mutane.