Shawarwari ga mai bin diddigin iyalan Matthew Lyon

A wata tattaunawa kan bin diddigin iyalan Matthew Lyon, tsohon ɗan majalisar wakilan Amurka, abin da masu tattaunawar suka fi nanatawa shi ne kada a nemi Lyon a wuri ɗaya. An haife shi a Wicklow ta Ayalan a 1749, ya iso Connecticut yana yaro, yana aikin ƙarfi don biyan kuɗin jirgi. Ya yi yaƙin neman 'yancin kan Amurka, ya kafa garin Fair Haven a Vermont, ya koma Kentucky, ya rasu a Arkansas a 1822. Kowace jiha da nata takardun.

Sai batun mata. Aure biyu ya yi, ta biyun Beulah ce, 'yar Gwamnan Vermont Thomas Chittenden. Sun ce a tantance uwar kowane ɗa kafin a zana salsala. Ɗansa Chittenden Lyon ma ya wakilci Kentucky a majalisa.

Shawarar da na fi amincewa da ita: a yi hattara da jaridun 1798. A shekarar aka ɗaure shi wata 4 da tarar dala 1,000 saboda sukar Shugaba John Adams, jaridun kuwa kowacce da jam'iyyarta. Yana kurkuku mutanen Vermont suka sake zaɓensa a majalisa.